A Mayar da Bincike Inda Aka Ɗebo Shi

A watan jiya na bar Agege tun kafin gari ya gama wayewa, na shiga danfo, wato ƙaramar motar haya ta Legas, don in halarci zaman da ɗaliban digiri na biyu ke gabatar da bincikensu a wata jami'a a nan Legas. 'Yar wana ce ta gayyace ni. Tana karanta fannin gudanar da ilimi, wato sanin yadda ake tafiyar da makaranta: ɗaukar malamai da raba musu aiki, kashe kuɗi, ajiye rajista, sa ido a kan karatu, zama da iyayen yara. Da ta zo gaishe ni ta ce, "Baffa, ka daure ka zo, ai aikinku ne za a yi magana a kai." Ta faɗi haka ne saboda shekara 11 ke nan ina sakataren kwamitin wata makaranta a unguwarmu mai haɗa Islamiyya da boko. Littafin kuɗi a hannuna yake, kuma ni malamai ke tarewa a ƙofar masallaci idan wata ya mutu albashi bai fito ba.

Na je, na zauna a kujerar baya, na saurara tun daga farko har ƙarshe. Ɗalibai takwas suka gabatar, kowa da minti 15, majigi na haska rubutunsu a jikin bango, malamansu na zaune a gaba da biro a hannu. Na ji daɗin abin da na gani ta fuskoki da dama. Yaran sun sha wahala, an ga alamar rashin barci a idanunsu, kuma malaman ba su yi musu da wasa ba. An tambayi ɗaya me ya sa ya ɗauki malamai 300 bai ɗauki 400 ba, ya kawo lissafin Yamane da ake fitar da adadin waɗanda za a tambaya. An tambayi wata ko ta gwada takardar tambayoyinta kafin ta raba, ta nuna alƙaluman da SPSS, manhajar lissafi ta kwamfuta, ta fitar mata. An gyara wa wani yadda ya jero sunayen littattafan da ya duba. Duk wannan daidai ne, ilimi ba ya tsayuwa sai da ƙa'ida.

Amma da na waiga na dubi ɗakin, sai zuciyata ta yi nauyi. Awa huɗu ana maganar shugabannin makarantu, babu hedimasta ko ɗaya a wurin. Ana maganar iyaye, babu uba babu uwa. Ana maganar jami'an sa ido, babu wanda ya zo daga ma'aikata. Cikin masu sauraro, in ban da ni da na shigo ta dalilin zumunci, ban ga wanda gobe da safe zai buɗe ƙofar makaranta ya fuskanci abin da ake tattaunawa ba. Kuma cikin tambayoyin da aka yi wa ɗaliban nan takwas, ba a tambayi ko ɗaya ba cewa: makarantun da ka ɗebo wannan bayani a cikinsu, sun ji abin da ka gano?

Ra'ayina shi ne, binciken da aka yi a kan tafiyar da makaranta bai kammala ba sai an mayar da shi makarantar da aka ɗebo shi, an faɗa wa mutanenta da harshen da suke ji, an tsaya an saurari abin da za su ce. Gabatarwa a gaban farfesoshi rabin aikin ne. Ɗaya rabin yana can inda aka karɓi takardun tambayoyi aka yi godiya aka tafi, ba a sake waiwayowa ba.

Na san yadda ake karɓar takardun nan, domin an sha kawo mana su. Ɗalibi zai zo da wasiƙa daga sashensu, ya bar takardu 20 ko 30 a ofishin hedimasta, ya ce zai dawo ranar Alhamis. Tambayoyin da Turanci suke, kowace da gurbi huɗu: na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba, sam ban yarda ba. Malamanmu na Alƙur'ani da Larabci, waɗanda wasunsu sun fi kowa daɗewa a makarantar kuma sun fi kowa sanin ciwonta, ba sa karanta Turanci, don haka ba a ma miƙa musu. Sauran malaman kuma ana tambayarsu ko shugabansu yana yi musu adalci, alhali shugaban ne zai tattara takardun da hannunsa. Wa zai sa alama a "ban yarda ba"? Na taɓa ganin malami ɗaya ya cike takardu biyar a lokacin tara, domin abokan aikinsa sun ce ba su da sukuni. Waɗannan takardu su ne za a zuba wa kwamfuta, ta fitar da alƙaluma masu kyan gani, a haska a bango, a ce an gano akwai dangantaka mai ƙarfi tsakanin salon shugabanci da ƙwazon malamai. Da ɗalibin ya san zai dawo ya tsaya a gaban malaman nan ya karanta musu sakamakon, da tun farko bai yarda ya tara bayaninsa ta wannan hanya ba, domin ya san za su gane.

Shi ya sa nake ganin komawa makaranta gyara ne ga binciken kansa, kafin ma a zo maganar amfanin da makarantar za ta samu. Farfesa zai iya kama kuskuren lissafi. Kuskuren da ya shafi gaskiyar abin da ke faruwa a aji, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Abu na biyu da na lura da shi ya fi wannan ci mini rai. Cikin ɗalibai takwas, bakwai a makarantun sakandaren gwamnati suka yi aikinsu. Dalilin a fili yake. Jihar Legas ta raba makarantun sakandarenta zuwa gundumomin ilimi 6, kowace da ofishinta da babban sakatarenta. Gunduma ta ɗaya a nan Agege take, ta haɗa da Alimosho da Ifako-Ijaiye. Idan ɗalibi ya je ofishin gunduma zai samu jerin makarantu da adadin malamai a rubuce, ya ɗauki abin da zai ɗauka, aikinsa ya yi sauƙi. To amma yaran Legas nawa ne ke cikin wannan jerin? Ƙidayar da aka yi a shekarar karatu ta 2010 zuwa 2011, da tallafin gwamnatin Birtaniya, ta samu makarantu masu zaman kansu fiye da 12,000 a jihar nan, kuma fiye da rabin yaran da ke karatu a cikinsu suke. Kusan kashi uku cikin huɗu na makarantun ba su da amincewar gwamnati a lokacin. Duk wanda ke yawo a lungunan Legas ya san ba raguwa suka yi ba tun daga lokacin. Ke nan inda mafi yawan yara suke, nan ne bincike ya fi ƙaranci, saboda babu jerin suna, babu ofishin da za a kai wasiƙa, kuma sai an taka ƙafa cikin kwata da taɓo kafin a same su.

Makarantunmu na Hausawa suna can ƙarshen wannan duhu. Mun daɗe a garin nan. Kakana fataucin goro ya kawo shi Agege, zamanin da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano, kuma a Zango aka haifi mahaifina. Akwai mu a Idi-Araba, da Mile 12, da Obalende, da Alaba Rago wadda ke maƙwabtaka da Jami'ar Jihar Legas a Ojo, da mayankar Oko-Oba. Kowace unguwa a cikin waɗannan tana da makarantun allo, da Islamiyyun yamma da na dare, da ƙananan makarantun kuɗi da wani malami ko wata ƙungiya ta buɗe a gidan haya. Idan aka tashi maganar yaran da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, ko an kawo miliyan 10.5 da UNICEF ta daɗe tana ambata, ko miliyan 20 da UNESCO ta faɗa a 2022, kowa sai ya juya fuska Arewa. Ɗan Bahaushen da ke tura baro a Mile 12 da ƙarfe goma na safiyar Talata ba ya cikin tunanin mai bincike na Kano, domin ya yi masa nisa, ba ya kuma cikin na mai bincike na Jami'ar Legas da ke Akoka, domin ba ya jin harshensa.

Alhali matsalolin da muke fama da su, zallar matsalolin gudanarwa ne, irin waɗanda aka kafa wannan fanni domin su. Ga maganar rajista. Da yawa daga iyayen yaranmu 'yan ci-rani ne, ko kuma masu ƙafa biyu, ɗaya a Legas ɗaya a gida. Damina na faɗuwa uba zai kwashe iyalinsa su tafi noma, ko a tafi Babbar Sallah a zarce sai bayan wata uku. Yaro zai ɓace a tsakiyar zango na uku, ya dawo an riga an shiga sabuwar shekara. A wane aji za a sa shi? A rajista an rubuta ya bar makaranta, to ya bari ne ko yana wata makarantar a Katsina ko Sakkwato? Babu wata takarda da ke bin yaro daga can zuwa nan. Idan kuma uban ya so kai shi makarantar gwamnati, za a nemi takardar haihuwa da katin zama a jiha, shi kuwa bai taɓa jin inda ake yin su ba, sai ya haƙura. Wannan ba tambaya ce da ta isa a yi digiri a kanta ba?

Ga maganar kwanakin mako. Makarantar allo a al'adarmu Alhamis da Juma'a take hutu, boko kuma Asabar da Lahadi. Islamiyyu da yawa ranakun Asabar da Lahadi suka fi cika, tun safe har azahar. Yaron da ke haɗa su ba shi da ranar hutu ko ɗaya a mako, kuma idan makarantar boko ta ƙara darasin yamma na kuɗi, sai ya ci karo da lokacin Islamiyya, uba ya zaɓi ɗaya. Na san wanda iyaye suka fi zaɓa. Mu a kwamitinmu mun shekara muna ja-in-ja a kan jadawali, kowa da ra'ayinsa, babu wanda ke da wani abin dogaro a hannu da zai ce ga yadda wasu suka gwada ga abin da ya fito.

Ga harshe. Tun 2018 dokar jihar Legas ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu, na gwamnati da masu zaman kansu. Ni ban ga laifin wannan ba, kowa ya kamata ya riƙe harshensa, kuma yaranmu da aka haifa a nan suna jin Yarbanci kamar ruwa. Amma wanda aka kawo daga gida yana ɗan shekara tara fa? Hausa a ɗaki, Larabci a allo, Turanci a aji, Yarbanci a jarrabawa, ga kuma Turancin titi da yake ciniki da shi. Hedimastan da ke da irin waɗannan yara 15 a aji ɗaya yana bukatar a gaya masa wane malami zai ba su, da wane harshe za a fara, tsawon wane lokaci.

Sai kuma abin da ya fi kashe mana makarantu, wanda ban taɓa jin an ambata a bakin wani mai bincike ba: rasuwar wanda ya kafa. Malam zai buɗe makaranta da guminsa, jama'a su taimaka da bulo da kwano da benci, a shekara 20 ana karatu. Ranar da ya cika, magada su ce gini na gado ne, jama'a su ce waƙafi ne, babu takarda ko ɗaya da ta fayyace. Kuɗin makaranta da kuɗin aljihun Malam a asusu ɗaya suke tun farko, ba don rashin amana ba, don ba a taɓa nuna masa wata hanya ba. Cikin shekara biyu malamai su watse, yara su koma talla. Na ga wannan da idona har sau uku a tsakanin Agege da Idi-Araba. Da wani ɗalibi zai zauna ya bi diddigin makarantu biyar da suka tsira bayan rasuwar masu su, ya gano me suka yi daban, wallahi da ya yi mana aikin da ya fi gina aji.

Maimakon haka, babin ƙarshe na kusan kowane kundi da aka karanta a ranar nan shawara ɗaya ce: gwamnati ta ƙara kuɗi a harkar ilimi, ta riƙa horar da malamai, ta biya albashi a kan kari. Gaskiya ne, amma mai shayin bakin tasha ma ya san wannan, bai shekara biyu a jami'a ba. Shawarar da aka jefa wa "gwamnati" ba ta da mai karɓa. Wadda aka ce hedimastan makaranta kaza ya canza yadda yake rubuta rajista, ko kwamitin iyaye ya matsar da ranar biyan kuɗi zuwa bayan ranar kasuwa, ita ce ke da wanda zai ce to, ko ya ce a'a ga dalili.

Ba sabon abu nake nema ba, kuma ba daga wata ƙasa za a aro shi ba. Marigayi Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa, haifaffen Isale Eko a nan Legas, wanda ya riƙe ministan ilimi a farkon shekarun 1990, ya jagoranci wani bincike a Jami'ar Ife tun daga 1970, inda aka koyar da yaran firamare dukkan darussa da Yarbanci har shekara shida, Turanci yana matsayin darasi guda. Ba takardar tambayoyi ya raba ba. An shiga aji, an rubuta littattafai, an horar da malamai, an bi yaran shekara da shekaru ana gwada su da takwarorinsu, aka ga ba su gaza ba, har a Turancin ma. Yau fiye da shekara 50 ke nan, duk wanda zai yi gardama a kan koyarwa da harshen uwa a ƙasar nan, ko yana goyon baya ko yana suka, sai ya bi ta kan wannan aiki. Haka kuma tsofaffin Legas ba su manta da Alhaji Lateef Jakande ba, wanda ya yi gwamna daga 1979 zuwa 1983. Ya tarar yara na karatu kashi-kashi, wasu da safe wasu da rana, saboda ƙarancin azuzuwa, ya giggina azuzuwa masu sauƙin kuɗi a unguwanni har ana yi musu ba'a da akurkin kaji, ya soke karatun kashi-kashi. Yayyena biyu a irin waɗannan azuzuwan suka yi firamare. Abin da ake kira gudanar da ilimi ke nan idan ya sauko ƙasa: aji nawa, a ina, da nawa, wa zai shiga.

A hanyarmu ta komawa, muna tsaye cikin gosulo a Oshodi, na zazzage wa 'yar wana duk abin da ke raina. Ta bar ni har na gama, sannan ta ce, "Baffa, ka yi mana adalci." Ta ce kundin digiri na biyu horo ne, ana koya wa mutum yadda ake bincike ne, ba a ce ya gyara duniya ba. Ta ce yawancinsu malaman makaranta ne da ke koyarwa da safe su zo lacca da yamma, da albashinsu suke biyan kuɗin makaranta da kuɗin buga takardu da kuɗin mota, babu mai ba su ko kwabo na bincike. Ta ce malami ɗaya na duba ɗalibai fiye da yadda zai iya karantawa, ga yajin aikin da ya cinye wata takwas a 2022 ya tara aiki a kan aiki, don haka kowa ya fi son batun da aka saba, wanda za a gama a wuce lafiya. Duk na yarda da ita, kuma ban ɗora wa ɗalibai laifin tsarin da suka tarar ba.

Sai ta ƙara da wadda ta fi zafi. Ta ce, "Kuma Baffa, ku ma ai ba ku buɗe ƙofa." Nan na yi shiru, domin gaskiya ta faɗa. Ita kaɗai ce cikin takwas ɗin ta yi aikinta a makarantun al'umma, a kan yadda ake ajiye rajista da yadda yara ke ɓacewa daga karatu. Lokacin da ta zo neman ganin littattafanmu, kwamitinmu sai da ya yi zama biyu kafin ya yarda, alhali a gabanmu aka haife ta. Wasu makarantun ko zaure ba su bar ta ta wuce ba. Tsoronmu ba na banza ba ne: makarantar da ba ta da amincewar gwamnati, idan ta ga baƙo da takarda da biro, abin da ke zo mata a rai shi ne haraji ko kwaɗo a ƙofa. Sharuɗɗan samun amincewa, na fili da gini, sun fi ƙarfin mai haya a Agege. Amma wannan ɓoyo shi ke sa ba a san da mu ba, kuma wanda ba a san da shi ba, ba a yin tsari da shi. Dole mai bincike ya ba da amana cewa ba zai bayyana sunan makaranta ba, ya kuma riƙe amanar. Mu kuma dole mu koyi bambanta ɗalibi da jami'in haraji.

A zaman gabatarwar ma an matsa mata a kan cewa makarantunta shida ne kacal, ba za a iya ɗaukar sakamakonta a ce haka Legas take ba. Ta amsa cewa ba ta ce haka Legas take ba, ta ce haka waɗannan shidan suke, kuma ta zauna a kowace ta ga littattafan da idonta. Ni a wurina wannan ya fi malamai 300 da ba a ga fuskar ko ɗaya ba.

Abin da nake roƙon sassan ilimi na jami'o'inmu, na Akoka da na Ojo da sabuwar jami'ar ilimi ta jiha da ke Ijanikin, ba ya bukatar kasafin kuɗi. Kafin a sa wa kundi hannu na ƙarshe, ɗalibi ya koma aƙalla makaranta ɗaya daga cikin waɗanda ya yi aiki a cikinsu, ya yi bayanin abin da ya gano a gaban malamai da iyaye, da Yarbanci ko Hausa ko Turancin da kowa ke ji, ya rubuto abin da suka ce a shafi ɗaya ya haɗa da kundin. Makarantun gwamnati suna da kwamitocin gudanarwa na al'umma da na iyaye da malamai, wurin taron a shirye yake. A ranar gabatarwa kuma a ajiye kujera biyu ga tsohon hedimasta ko shugabar makaranta mai ci, a ba su damar tambaya ɗaya. Na tabbata tambayar da za su yi ba a littafi take ba. Ɗalibin da ya iya fassara sakamakonsa ga mai sayar da tumatir har ta gane, ya fahimci aikinsa fiye da wanda ya haddace shi da Turanci.

Mu ma akwai namu kason. Attajiranmu na Mile 12 da na mayanka da 'yan canji ba su da rowa, na shaida, su ke gina masallatai, su ke sa mota da kujerar Makka a musabaƙa. Kuɗin motar ɗalibi ɗaya da kuɗin buga takardunsa na shekara bai kai kuɗin sa ɗaya ba. Me zai hana fadodin sarakunan Hausawa na unguwanni su tara shugabannin makarantu, a rubuta tambayoyi goma da ke damunmu, a kai wa sassan nan a ce ga abin da muke so a bincika mana, ga ƙofa a buɗe, ga ɗan abin mota? 'Ya'yanmu da ke karatun digiri na biyu a garin nan ba su da yawa, amma akwai su, kuma suna da abin da sauran ɗalibai ba su da shi: za su iya zama a tabarma da alaramma su yi hira da shi awa biyu, za su iya shiga cikin gida su ji daga bakin uwa dalilin da ya sa aka cire yarinya a aji biyu na ƙaramar sakandare. Abin takaici ne mai wannan dama ya je ya ƙara kundi na ɗari a kan salon shugabanci a gunduma ta huɗu.

Ban bar maganar a danfo ba. Na kai ta gaban kwamiti, aka sa rana. Asabar ɗin da ta wuce, bayan la'asar, muka jera bencina a farfajiyar makarantarmu, maza a gefe mata a gefe, malamai a gaba. Babu majigi. 'Yar wana ta tsaya da alli a hannu ta yi bayani da Hausa, tana tuntuɓe a wasu kalmomin tana neman yadda za ta faɗe su, wani malamin Larabci yana taya ta. Ta nuna mana cewa a rajistarmu, yaron da ya tafi gida da damina da wanda aka cire saboda kuɗi da yarinyar da aka aurar, duk alama ɗaya muke sa musu, don haka mu kanmu ba mu san wanne ya fi cinye mana yara ba. Shekara 11 ina riƙe da littafin nan ban taɓa lura ba.

Da ta gama, wata dattijuwa da ke riƙon jikoki huɗu ta ɗaga murya daga bayan mata ta ce, "'Yata, kin ƙirga waɗanda suka tafi. To waɗanda suna nan a unguwa, ba a taɓa rubuta su ba balle su tafi, su wa zai ƙirga?" Yarinyar ta ɗan yi jim, ta ce, "Hajiya, ban ƙirga su ba." Ta ɗauki biro ta rubuta tambayar a bayan kundinta.

Washegari hedimasta ya aika aka sayo sabon littafin rajista, ya sa aka ja layi uku a gefen sunaye. Ya kuma ba malamai biyu aikin bin gida-gida a layinmu da layin bayan masallaci ranar Alhamis mai zuwa, ni ma zan bi su.